Shekarar da Mama Ta Yi Zaɓe

Ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar daminar bana. Masarar da na shuka a bayan ɗaki, nan Samaru, ta kai gwiwa sai ganyenta ya fara nannaɗewa tun da hantsi, kamar an kanga shi a wuta. Kowace safiya nakan fita in tona gindinta da yatsa, ƙasa ta fito fara fat, ba alamar laima. Jiya ina tsugune a wurin sai ga mota da lasifika ta bi ta titinmu tana kirarin wani ɗan takara, alhali zaɓe da sauran lokaci. Na daɗe ban iya miƙewa ba. Warin busasshiyar ƙasa da ƙarar lasifika, in dai suka haɗu, shekara ɗaya suke mai da ni.

Lokacin na ɗan haura ashirin. Ina koyon ɗinki a Sabon Gari, ina kwana a Muchia wurin gwaggona, amma da zarar ruwa ya sauka nakan bar keken ɗinki in dawo gida saboda gona. Babana sunansa Dogara. Manomi ne tun kakanni, iyayensa daga ƙauye suka shigo, shi ne na farko a gidansu da ya fara zuwa coci. Mamana sunanta Tabita, sai dai ba na jin na taɓa jin sunan a bakin Baba. "Uwar yara" yake ce mata, ko ya ce "ke" kawai, ta san da ita yake. Gonarmu tana kan hanyar Basawa. Yanzu gidaje ne a wurin, masu dogayen katangu da tankin ruwa a sama. In na wuce a Keke Napep ba na ma iya nuna inda ɗorawarmu take.

Daminar ta fara da kyau, abin da ya yaudare mu ke nan. Aka yi ruwan shuka mai yawa, muka zuba dawa da masara, suka fito kore shar. Muka yi noman firi cikin murna, maza suna zagaya gonakin juna da gayya, mata muna bin su da kunu a ƙwarya. Sai sama ta rufe bakinta. Hadari yakan taso daga gabas da yamma, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa har mu kwashe shanya a guje, sai ya watse ya bar mu da zafi. Kashegari rana ta fito tun da sassafe da ƙarfinta. Kunya ta tsage, fartanya tana tsalle in an sara. Musulmi suka fita roƙon ruwa a fili, mu ma muka yi azumi da addu'a a coci. Masara ta ƙone, muka sake shuka da ɗan irin da ya rage, tsuntsaye suka tone.

Rumbu kuwa ya riga ya kai ƙasa. Da ma watannin nan su ne na wahala kowace shekara, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba, amma na wannan shekarar daban ne. Muka koma ci sau ɗaya, da la'asar. Da safe ni da Mama mukan bi bakin rafi mu tsinko tafasa da rama, mu dafa, mu matse, in akwai ƙuli-ƙuli a ɗan barbaɗa, in babu a sa gishiri da barkono. Ranar da aka sami tsaki sai a yi pate mai ruwa-ruwa, ganye ya fi tsakin yawa. Mama ce ke rabawa. Takan cika wa Baba kwano saboda shi ke riƙe da garma, ta zuba mini da ƙannena, sannan ta ce ita ta ci tun a murhu wajen ɗanɗana gishiri. Mun yarda, don muna son mu yarda.

A cikin wannan hali ne zaɓen gwamna ya matso.

A wajenmu jam'iyya ɗaya ce. Akwai wasu, muna jin sunayensu a rediyo, amma a unguwarmu ba wanda ya taɓa kafa musu tuta. Mai unguwa nasu ne, mai shayi nasu ne, masu awo a kasuwa, har dattawan cocinmu. Zaɓen gaske an gama shi tun bazara, ranar da manyan jam'iyyar suka taru a Kaduna suka fid da mutum ɗaya. Daga ranar kowa gwamna yake ce masa. Abin da ake nema a wurinmu yawa ne kawai, a ce unguwa ta fito kaf, don mai unguwa da ciyaman ɗin jam'iyya su sami bakin magana in an zo rabon taki.

Ciyaman ɗin maƙwabcinmu ne, Malam Garba. Ba mugun mutum ba ne. Gonarsa tana iyaka da tamu, shi da Baba sun sha cin tuwo a akushi ɗaya a wurin gayya. Wata la'asar ya yi sallama ya zauna a kan turmi, ya ce an kawo masara a Sabon Gari, za a raba wa duk wanda ya kai katin zaɓensa a ajiye masa.

"Don kada ya ɓace ne, ko ruwa ya jiƙa shi," in ji shi. "Ran zaɓe da safe kowa zai karɓi abinsa."

Baba ya yi murmushi. "Wane ruwa, Malam Garba?"

Malam Garba ma ya yi dariya, amma bai kalli Baba ba.

Baba ya ce nasa ba zai bar gida ba. Ba wai yana da wata jam'iyya ba ne, bai taɓa zuwa taron kowa ba. Ya ce dai abu ne da aka rubuta sunansa a kai, shi zai riƙe. Ya karɓi nawa ya haɗa da nasa ya jefa a gwangwanin da yake ajiye irin kuɓewa. Na Mama yana wurinta, a cikin kwallar kayanta.

Bayan Malam Garba ya tafi Mama ta ce, "Ni zan kai nawa."

"Uwar yara, ki bari. Ruwa zai zo."

"In ya zo gobe ma, yaushe masara za ta nuna? Dubi wuyan yaran nan. Ka riƙe naka, ban hana ka ba. Nawa ne zan kai."

Baba ya ɗauki fartanya ya zauna yana wasa ta, ko da yake ba abin da za a nome.

Dole mai kati ya je da kansa. Suka tafi da matan unguwa tun da asuba, a ƙasa, don ba kuɗin mota. Wanda ya san tsakanin Samaru da Sabon Gari ya san abin da nake nufi. Aka tsai da su a wani fili ba inuwa har rana ta karkata. Ta dawo da yamma da ƙunshin masara a ka, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, ƙafafunta sun kumbura. Tana saukewa ta ce in kai niƙa. Ranar muka ci tuwo, tuwo na gaske mai tauri, da miyar kuka. Ƙannena suna ci suna kallon juna. Baba ya daɗe yana duban kwanonsa kafin ya sa hannu. Mama ta ce kanta na ciwo, za ta ci anjima.

Ba ta ƙara tashi da ƙarfinta ba. Zazzaɓi ya kama ta, irin wanda da a ce jikinta da nama da ta shanye shi cikin kwana kaɗan. Muka kai ta wurin mai magani, aka yi allura, aka ce a ba ta abinci mai kyau. Sai da nake goge mata jiki na ga abin da zane yake ɓoyewa. Haƙarƙarinta ana iya bin su da yatsa. Ta rasu a farkon makon zaɓe, da hantsi, rana na dukan kwanon ɗaki har yana ƙara.

Ƙasar maƙabarta ta yi tauri, sai da aka nemo diga. Malam Garba yana cikin waɗanda suka yi haƙa, ya cire rigarsa yana zufa. Matan zumuntar coci suka zo suka yi waƙa a tsakar gida. Da ragowar masarar da Mama ta ɗauko aka yi wa masu gaisuwa pate.

Ran Asabar, ranar zaɓe, muka farka da ruwa. Ba tsawa, ba iska, ruwa ne mai sauka a hankali kamar ba zai ƙare ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda ƙasa take shanye shi, ƙamshinta ya cika gida. Ban san ko murna zan yi ba. Baba ya fito da rigarsa ta coci, ya buɗe gwangwanin iri, ya miƙo mini katina.

Na ce, "Baba, muna zaman makoki. Ba wanda zai ga laifinmu."

"Na hana katin fita don in yi zaɓen da kaina. Tashi mu je."

Muka lulluɓa da buhu muka tafi makarantar firamare. Layin maza daban, na mata daban, duk mun matsu a baranda ruwa na zuba daga bakin kwano. A ƙofar ajin akwai tebur, wani matashin malami yana karɓar kati, ya duba, ya kira suna da ƙarfi saboda ƙarar ruwa, mai sunan ya amsa ya shiga ya dangwala. Yanzu sai na'ura ta karanta yatsan mutum, ta ga fuskarsa. Lokacin ko hoto babu a jikin kati.

Muna tsaye wata babbar mota ta tsaya a bakin makarantar. Aka ɗaga tamfol, mata suka yi ta sauka, ba wadda na sani a ciki. Matan ƙauye ne, zannuwansu sun jiƙe sun manne musu. Wani saurayi ya tara katuna a hannunsa, ya shigar da matan gaban layinmu. Kowa ya san waɗansu da suka kai katinsu ajiya ba su fito ba, ga ruwa ya sauka, sun tafi gona.

Ina kallon ruwa, hankalina ba ya wurin, sai na ji malamin ya ɗaga murya.

"Tabita Dogara!"

"Na'am."

Muryar mace ce, a sanyaye, daga gaban layi. Na hango bayanta. Doguwa ce siririya kamar Mama, ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurin Mama, ta ɗan karkatar da kai gefe. Na san mun binne Mama, da idona na ga an mai da ƙasa. Duk da haka ƙafafuna suka fara tafiya da kansu.

Baba ya riga ni. Ya fita daga layin maza, ya bi ta cikin ruwa, ya hau barandar ta gaba. Ya tsaya a bayanta. Sai na ji ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, a hankali, kamar mai tsoron tashin wani daga barci.

"Tabita?"

Ta juyo. Yarinya ce a kan Mama, ba za ta wuce sa'ata da yawa ba. Idanunta sun faɗa, kumatunta sun shige. Sai lokacin na lura da goyo a ƙarƙashin mayafinta, ɗan ƙaramin kai yana lilo.

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "'Yata, wa ya ba ki sunan nan?"

Ta dubi saurayin mai katuna, ta dubi ƙasa. "An ce in an kira in amsa. An ce za a ba mu masara."

"Kin san mai shi?"

Ta girgiza kai.

"Matata ce. Ran Talata muka binne ta."

Ta sa hannu ta rufe bakinta. Malamin ya riƙe katin a sama ya rasa inda zai ajiye. Wasu samarin jam'iyya suka fara matsowa, sai ga Malam Garba ya kutso yana ture su. Da ya ji abin da ya faru fuskarsa ta canja.

"Dogara, wallahi ban san nata yana ciki ba. A dunƙule aka kawo su. Ka yi haƙuri don Allah."

"Kai ka haƙa kabarin, Malam Garba."

"Na sani. Na sani. Ka rufa mini asiri, ga mutane daga sama suna kallo."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya juya wurin matar ya ce, "In ba ki dangwala ba za su ba ki?"

Ta ce, "Sai sun ga tawada."

Ya dubi goyon. Ya ja da baya ya ba ta hanya. "Shiga."

Ta shiga tana kuka. Da ta fito yatsanta da tawada, saurayin ya ja ta zuwa mota da sauri. Baba ya bi su da kira, "Tsaya, yaya sunanki?" Amma an riga an sauke tamfol. Ya nemi katin Mama, Malam Garba ya ce sai an tashi zai kawo masa har gida. Baba ya koma layi, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, ya jira aka kira shi, ya shiga. Bai taɓa gaya mini wanda ya zaɓa ba. Ni da aka kira nawa sunan sai da aka maimaita kafin na iya amsawa.

Wanda kowa ya sani shi ya ci. Aka yi ta harba bindigar toka a unguwa, aka ce mun fito kaf. Katin bai dawo ba.

Ruwan ya ɗore, amma ya makara. Masara ta riga ta tafi. Dawa ce ta farfaɗo, muka yi mata huɗa cikin taɓo, muka cusa wake a tsakani. Baba yana aiki kamar da, sai dai yakan tsaya a tsakiyar kunya ya jingina da garma yana kallon hanya. Ni kuma na daina son a kira suna da ƙarfi. In ina ɗebo ruwa na ji wata ta amsa kira a gidan maƙwabta, sai gabana ya faɗi. Wata rana muna cin abinci ƙaramin ƙanena ya ce yara a makaranta suna cewa mamarmu ta fito daga kabari ta yi zaɓe ta koma. Baba ya ajiye lomar da ya ɗauko.

Ya ce da ni daga baya, "In na rufe ido ina so in ga fuskar uwarku, sai yarinyar nan ta juyo. Da na san sunanta da ta zama ita, uwarku ta zama uwarku."

Kafin mu gama sussukar ɗan abin da muka samu, sojoji suka karɓe mulki. Gwamnan da aka yi wa wannan duka bai ga wata daminar a kujerarsa ba. Tutoci suka ɓace dare ɗaya, wasu aka yi labule da su. Malam Garba ya koma Malam Garba. Da yake ba sauran wanda zai ji tsoro, sai ya gaya wa Baba cewa katunan an ƙone su, matan kuma daga wani ƙauye aka kwaso su, can gaba da Basawa.

Baba ya auni dawa daga cikin 'yar wadda muka samu, ya ƙulle a buhu. Na ce ba zai tafi shi kaɗai ba. Muka kama hanya da safe, ta cikin gonakin da aka girbe, kara a tsaye. Ƙauyen ƙarami ne, rumbunansu a buɗe, kusan duk ba komai. A ƙofar wani gida muka tarar da wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa. Baba ya kwatanta mata: doguwa, siririya, mai goyo, tana cikin waɗanda aka kai Samaru ran zaɓe.

Tsohuwar ta yi dariya. "Au, Tabita kuke nema?"

Baba ya ce, "Wa?"

"Ai ba sunanta ba ne. A mota aka ba kowacce suna, ita ta yi ta maimaita nata tun daga nan har can don kada ta manta. Shi ne 'yan'uwanta suka riƙe suna tsokanarta. Da fari har kuka take yi in an faɗa. Yanzu ya bi ta, ko mijinta haka yake ce mata." Ta juya ta fuskanci zana ta ɗaga murya. "Tabita! Ke Tabita! Fito kin yi baƙi!"

Daga can cikin gida, bayan ƙarar taɓarya ta tsaya, aka ce, "Na'am! Ga ni nan!"

Baba ya sauke buhun daga kafaɗarsa ya jingina shi da zana. Ya ce wa tsohuwar, "A ba ta wannan." Ya juya ya kama hanya.

Na ji takun ƙafa yana tahowa ta zaure. Da na ƙara tsayawa kaɗan da na gan ta, da na tambaye ta. Amma Baba ya yi nisa, yana tafiya kamar wanda ba ya ganin gabansa, sai na bi shi.

Muka yi ta tafiya har muka hango rufin barikin Basawa. A nan ya tsaya a gindin wani mangwaro, ya share fuskarsa da hularsa. Na ɗauka zai ce mu koma. Ya daɗe yana kallon inda muka fito.

Ya ce, "Kin ji muryarta? Ta yi ƙarfi. Tana samun abinci."